Bayan Ɗaukewar Al'ada: Tambayoyin Da Nake Amsawa Kullum

Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren mata, kuma tambayoyin nan su ne dai kullum. Iyayena mata, ku karanta, ku karanta wa 'yan'uwanku.

Yaushe ake cewa al'ada ta ɗauke?

In kin yi wata 12 cur ba ki ga jini ba, ba ciki, ba shayarwa. Yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ba cuta ba ce.

Bayan shekara biyu na sake ganin jini. Al'adar ce ta dawo?

A'a, Hajiya, al'ada ba ta dawowa. Ko ɗigo ɗaya kika gani a jikin zani, ki je asibiti cikin makon nan. Sau da yawa fatar cikin gaba ce ta yi laushi har tana tsagewa, amma wani lokacin alamar farko ce ta sankarar mahaifa, wadda take jin magani in an kama ta da wuri. Na ga wata baiwar Allah da ta ɓoye wata da watanni saboda kunyar 'ya'yanta. Har yau abin yana ci mini rai. Wace irin kunya ce wannan?

Dole sai na motsa jiki?

Dole. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri ta isa. Ki haɗa da tashi daga kujera ba tare da dafawa ba. Bayan ɗaukewar al'ada, estirojin, wato sinadarin jikin mace da ke kare ƙashi, ya ja baya, ƙashi yana zaizayewa, faɗuwa ɗaya a banɗaki sai ƙugu ya karye. "Na tsufa" ba hujja ba ce.

Zafin da ke taso mini da zufar dare sun hana ni barci. In sha maganin homon?

To, a nan ba zan ce eh ko a'a kai tsaye ba. Maganin homon, wato wanda ke mayar wa jiki estirojin ɗin da ya ragu, yana aiki, babu abin da ya kai shi kwantar da wannan zafin, yana kuma kare ƙashi. Wani babban bincike a Amurka a 2002 ya tsorata mata da likitoci game da haɗarin maganin, amma da aka sake dubawa an ga shekaru suna da muhimmanci. Macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar ba, amfanin yakan fi haɗarin. Yakan fi, na ce, ba kullum ba. In kin taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, maganar ta canza. In mahaifarki tana nan, ba a ba ki estirojin shi kaɗai, sai an haɗa da wani sinadarin mai suna furojestaron don kare ta. In kuma bushewar gaba ce kawai damuwarki, akwai na shafawa wanda kaɗan ne yake shiga jini. Ki zauna da likita, ki faɗa masa komai. Don Allah kada ki karɓi ragowar na ƙawarki.

Gishiri fa?

Ƙasa da giram 5 a rana, ƙaramin cokali bai cika ba. Ki riƙa auna hawan jini da suga ko kina jin garau, domin haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa bayan ɗaukewar.

Mantuwa da saurin fushi, na fara zaucewa ne?

Kwantar da hankalinki, Inna. Mata da yawa suna fama da haka, rashin barci yana ƙara shi, kuma yakan lafa. In baƙin ciki ya zauna miki makonni, ki zo mu yi magana.