Me ake nufi da wasan "arcade"?

Duk wanda ya shiga wajen sauke wasanni a wayarsa zai ga wani rukuni da aka rubuta wa "Arcade". Asalin kalmar sunan gini ne: doguwar rumfa mai rufi a lanƙwashe kamar baka, shaguna dama da hagu. A irin waɗannan wurare a Amurka da Ingila aka riƙa jera injunan nishaɗi da ake jefa wa kwandala, sai sunan rumfar ya bi injunan, daga baya ya bi wasannin da ke cikinsu.

Kwandalar nan ita ce ta tsara komai. A gidan gem na unguwa kana biyan kuɗin wasa ɗaya ne, gwani da ɗan koyo lokacinsu kusan ɗaya. A injin arcade kuwa gwanintarka ce ke saya maka lokaci. Mai injin yana so ka fahimci wasan nan take, ka ji daɗinsa, sannan a kashe ka da wuri don ka sake laluben aljihu.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito na Japan a 1978. Dodanni 55 ne daga wata duniya, sahu biyar, kowane sahu 11, siffarsu ta ƙaguwa da wasu halittun teku. Suna tafiya gefe, in sun kai bango su sauko taki ɗaya su juya. Kai kana ƙasa da igwa guda, kana zamewa dama da hagu a bayan ganuwa huɗu. Ganuwar tana zaizayewa da harbinsu, har da naka. Harsashinka kuma ɗaya ne: sai wanda ka harba ya samu wani abu ko ya fice ta saman allo kafin ka sake harbi. Mai harbin kan mai uwa da wabi ba ya daɗewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne saurin dodannin. Ƙwaƙwalwar injin, Intel 8080, ba ta da ƙarfin motsa su gaba ɗaya, don haka ɗaya bayan ɗaya take matsar da su. Suna da yawa, tafiyar tana jan ƙafa. Kana rage su, aikin yana raguwa, sauran suna ƙara wuta, har na ƙarshen ya riƙa tsere kamar an taka masa wutsiya. Nishikado ya ga haka ya bar shi yadda yake, kuma ya yi daidai. Kiɗan ma sauti huɗu ne kacal da ke maimaituwa, yana bin takun dodannin, sai ka ji kamar bugun zuciyarka ne ke ƙaruwa. Hatta kalar da ake gani a injunan farko dabara ce, allon fari da baƙi ne aka manna masa leda mai launi.

Wasan ba shi da ƙarshe. Ka share sahun duka, wani ya fito, ya fara daga ƙasa da inda na baya ya fara. Tunda ba a cin wasan, abin alfahari shi ne maki mafi yawa da ke tsaye a saman allo yana jiran mai karya shi. A Japan har shaguna aka buɗe waɗanda ba abin da ke cikinsu sai wannan injin. Kamfanin Midway ya kai shi Amurka, kamfanin Atari ya shigar da shi gidaje a 1980 a kan na'urarsa ta wasa mai suna Atari 2600. Kamfanin Namco ya ɗora a kai da wasannin Galaxian a 1979 da Galaga a 1981, inda dodannin ke barin sahu suna kawo farmaki kamar shaho.

To in ka ga "Arcade" a wayarka yau, abin da ake nufi ke nan: wasa gajere, mai ƙa'ida kaɗan, mai ƙara zafi, wanda maki ne sakamakonsa. Ramin jefa kwandala dai babu shi a waya, shi ya sa da rayukanka sun ƙare sai a ce ka kalli talla a ƙara maka ɗaya.