Inbata mai tushen Z: tsara kunnawa da rage rawar wuta

Inbata mai tushen Z na'ura ce da ke mayar da wutar DC, irin ta batir ko farantin sola, zuwa wutar AC, kuma a mataki ɗaya tana iya ɗaga ƙarfin wutar ko rage shi. Fang Zheng Peng na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ne ya gabatar da ita a shekarar 2002. Tsakanin tushen wutar da makunnai, wato ƙananan na'urorin da ke kunna wutar da kashe ta da sauri, akwai indakta biyu (naɗaɗɗiyar waya mai tara kuzari) da kafasito biyu (ƙaramin ma'ajin cajin wuta) da aka gitta su kamar harafin X.

A inbata ta gargajiya, makunnan suna jere biyu-biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowane jeri ana kiransa ƙafa; idan makunnin sama da na ƙasa na ƙafa ɗaya suka kunnu tare, wuta ta haɗu ke nan, makunnan su ƙone. A wannan kuwa da gangan ake haɗa su na ɗan ƙanƙanin lokaci, indakta ta tara kuzari, sannan ta sake shi da zarar an buɗe. Idan D shi ne kason lokacin haɗewar a kowane zagayen kunnawa, ƙarfin wutar yana ninkuwa da 1/(1−2D), wato idan D ya zama 0.2, bolt 200 zai kai kusan 333. Dole D ya tsaya ƙasa da 0.5.

Bambancin hanyoyin tsara kunnawa duka yana kan inda ake ajiye wannan lokaci. Hanya mai sauƙi tana gwada siginar da ke tsara lokutan kunnawa, mai siffar alwatika, da miƙaƙƙun layuka biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a haɗa makunnan duk lokacin da siginar ta tsallake su. Aibinta shi ne D ba ya wuce 1−M, inda M yake ma'aunin girman siginar fitarwa, don haka samun ɗagawa mai yawa sai an rage M, abin da ke sa makunnai ɗaukar matsin wuta mai yawa. Hanyar ɗagawa mafi girma tana mayar da duk lokacin da inbata ba ta tura komai zuwa lokacin haɗewa. Tana ba da ɗagawa fiye da kowace, amma a inbata mai layi uku D yana hawa da sauka sau shida a kowane zagayen wutar fitarwa, abin da ke jefa rawa ta haz 300, wato hawa da sauka sau 300 a daƙiƙa, cikin wutar indakta a ƙasashen da layin wutarsu ke kan haz 50, kamar Najeriya da Nijar. Shanye rawa mai jinkiri haka sai babbar indakta mai nauyi da tsada. Wannan ya sa aka fito da hanya ta uku, wadda ke riƙe D a wuri ɗaya, a 1−(√3/2)M, kuma idan aka ƙara wa siginar fitarwa wata siginar da ta ninka ta sau uku a mita, wato yawan zagaye a daƙiƙa, M na iya kaiwa kusan 1.15. Ɗagawar da take rasawa kaɗan ce in aka kwatanta da raguwar girman kayan, kuma a yawancin ayyuka cinikin ya biya.

Rawa mai sauri, wadda ke bin mitar kunnawa, ana rage ta ne ta hanyar gutsuttsura lokacin haɗewar, misali kashi shida a warwatse cikin zagaye maimakon dunƙule ɗaya, sai wutar indakta ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan.

Inbata mai layi ɗaya tana da tata matsalar: ƙarfin da take fitarwa yana bugawa a ninki biyu na mitar layi, haz 100, kuma bugun yana komawa baya har farantin sola, ya hana shi zama a inda yake ba da wuta mafi yawa. Tara manyan kafasito yana danne shi, sai dai irin masu ruwan sinadari suna saurin tsufa a zafi. Madadin haka, ana ƙara ƙafar makunnai da ke karkatar da bugun zuwa wani ƙaramin ma'aji, ko a riƙa ɗan sauya D a haz 100 don ya soke rawar. Samfurin da Joel Anderson da Peng suka gabatar a 2008, mai suna kuwasi-Z, yana jan wuta daga tushe ba yankewa, shi ya sa binciken sola ya fi karkata gare shi.