Waiwaye: daga annobar 1908 zuwa ranar da aka sa wa masallacinmu kwaɗo

Juma'ar 20 ga Maris 2020 ita ce ta farko a rayuwata da na ga ba a yi sallar Juma'a ba a unguwarmu ta Nima da ke Akra, babban birnin Gana, saboda annobar korona. Ladan ya kira salla yadda ya saba, sannan ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa. Na leƙa ta ƙofar masallaci na tarar an naɗe tabarmi an jingine, butoci a kife, kwaɗo a ƙofa. Wani dattijo da ya fi shekara arba'in bai rasa sahun farko ba ya zo ya tsaya, ya daɗe yana kallon kwaɗon, ya goge ido da bakin rawaninsa ya juya. Babu soja a wurin, babu ɗan sanda. Kulle gari ma sai bayan kwana goma aka fara shi.

Wata huɗu bayan haka, waɗannan mutanen ne dai ke yawo da takunkumi a haɓa, kana yi musu magana su ce korona cutar masu hawa jirgi ce. Na daɗe ina juya wannan abu a raina: mutanen da suka haƙura da jam'i, wanda ya fi komai yi musu nauyi, me ya sa ɗan ƙyallen rufe hanci ya gagare su? Amsar ba ta fara daga 2020 ba.

A 1908 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta shigo Akra. Turawan mulki suka kawo Farfesa Simpson daga Ingila, aka killace gari, aka rushe gidaje a tsofaffin unguwannin bakin teku, aka tura mutane wurare irin su Korle Gonno. A shekarun da suka biyo baya ne Malam Bako ya tashi da jama'arsa daga tsohon zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi, ya kafa Sabon Zango. A Kumasi ma haka aka yi a 1924: annoba ta ɓulla, aka rushe tsohon zango, aka gina sabo. Tsakanin biyun, murar 1918 ta kashe dubun dubatar mutane a ƙasar. Abin da kakanninmu suka ɗauka daga wannan zamani shi ne, in hukuma ta zo da maganar lafiya, to, ka duba bayanta, akwai masu rusau. Sai kuma duba-gari, waɗanda a nan ake ce wa tankas ko samansaman, masu shiga har tsakar gida su buɗe randar mace, in sun ga 'ya'yan sauro su rubuta sammaci. Tsofaffinmu mata har yau in suka tuna su, tarar da aka ci su suke tunawa, ba tsabtar ba.

Sai Nuwamba 1969, da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Wannan ba maganar cuta ba ce, amma ta bar tabo a zango da bai gama warkewa ba. Mutanen da aka haifa a nan suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota. Tun daga nan mai rubuta suna a littafi, ko na ƙidaya ne ko na asibiti, sai an tambaye shi sau biyu me zai yi da sunan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Kuma rashin yardar ba ta zango kaɗai ba ce. A 2015 an shirya gwajin allurar Ebola a Hohoe, jama'a suka tayar da ƙura, 'yan majalisa suka mara musu baya, ala tilas aka dakatar.

Da wannan tarihin korona ta same mu. An tabbatar da mutum biyu na farko ranar 12 ga Maris 2020. Ranar 15 ga wata Shugaba Akufo-Addo ya rufe makarantu da masallatai da coci-coci, ya ce jana'iza kada ta wuce mutum 25. Wanda ya san zango zai ce za a yi rigima. Ba a yi ba, kuma a ganina dalili biyu ne. Na farko, Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda a lokacin ya kusa cika shekara 101, ya goyi bayan umarnin. Maganar ta sauko daga bakinsa zuwa limaman unguwa, zuwa sarakunan zango da magajiyoyi, har ta iso ga samari a wurin shan ataya. Mutumin da ba a taɓa jin ya nemi ƙuri'ar kowa ba, in ya ce a zauna gida, ana zama. Na biyu, dokar ta hau kan kowa. Manyan coci-coci masu ɗaukar dubban mutane an rufe su rana ɗaya da ƙaramin masallacin lungunmu. Babu wanda ya ji cewa shi aka ware. Azumin shekarar aka yi shi babu tafsiri a fili, tarawihi a ɗaki, sallar Idi kuma muka kalle ta a talbijin, Liman na jan tsirarun mutane.

Kullen da ya fara ranar 30 ga Maris a Akra da Tema da Kasoa da Kumasi shi ne ya fara nuna inda gizo ke saƙa. An ce a zauna a gida. To, gidanmu ɗaki goma sha biyu ne, iyali tara, babu bayan gida ko ɗaya. Da asuba mahaifiyata ta ɗauki buta za ta bayan gidan haya da ke bakin kwata, wani mai kaki ya tare ta yana daka mata tsawa ina za ta. Na fito da gudu na ce, "Ranka ya daɗe, ka dubi abin da ke hannunta mana." Ya bar ta ta wuce, amma da ta dawo ta zauna bakin gado ba ta ce uffan ba har rana ta fito. Na ce, "Mma, ki yi haƙuri." Ta ce, "Wanda ya rubuta dokar nan bai taɓa kwana a Nima ba." Mai koko da ƙosai, mai wake da shinkafa, yaron mota a trotro (ƙaramar motar haya), duk abin da suka samu yau shi za a ci yau. 'Yan matan kayaye, masu dakon kaya a kasuwa, da suka ga zama babu ci suka ɓuya cikin motar kaya za su Arewa, aka tare su a Ejisu aka dawo da su. A Ashaiman soja ya harbe mutum har lahira a makon farko. A Old Fadama kuwa, unguwar talakawa a Akra, ana tsakiyar kulle, hukumar birni ta shiga da motar rusau ta baje ɗakunan mutane, a lokacin da ake ce musu kada su fita daga gida. Wanda ya ji labarin 1908 a bakin kakarsa ya gane abin da yake gani.

Ba zan ɓoye alherin da aka yi ba. An yafe kuɗin ruwa, an rage na lantarki. Cibiyoyin binciken cututtuka na Noguchi a Legon da KCCR a Kumasi sun yi aikin gwaji dare da rana. Bokitin Veronica, mai famfon wanke hannu, ya tsaya a ƙofar kowane shago, mutane kuma sun wanke hannu ba tare da an tsaya a kansu ba, domin abu ne da talaka ke iya yi. Rabon abinci ne ya zo da turereniya, har ya zama taron da ake gudu shi aka haɗa. Ranar 20 ga Afrilu aka ɗage kullen bayan mako uku.

Ranar 5 ga Yuni aka buɗe masallatai: mutum ɗari, awa ɗaya, kowa da dardumarsa, ana rubuta suna a ƙofa. Mun bi. Na ga tsofaffi na miƙa goshi a auna musu zafin jiki, suna ba da sunansu ga wannan littafin da suka saba gudu, saboda na masallaci ne. A watan nan aka fitar da dokar takunkumi mai tarar sidi 12,000 zuwa 60,000 ko ɗaurin shekara huɗu zuwa goma. A watan nan dai jam'iyya mai mulki ta yi zaɓen fitar da gwani, ranar 30 ga wata kuma aka fara rajistar masu zaɓe da dogayen layuka. Mataimakin ministan ciniki, Carlos Ahenkorah, ya zaga wuraren rajista yana sane cewa yana ɗauke da cutar. Ya ajiye muƙaminsa, amma ba a ji an kai shi gaban alƙali ba. Daga nan har zaɓen 7 ga Disamba taron siyasa bai san tazara ba. A Yunin 2021 aka yi jana'izar Sir John, wani jigo a jam'iyya mai mulki ta lokacin, a Sakora Wonoo, manyan ƙasa cikin cincirindo, har ƙungiyar likitoci ta fito ta yi tir. Mu kuwa mun binne namu da mutum ashirin da biyar, an hana sadakar uku da ta bakwai. A nan ne takunkumi ya sauko haɓa. Gani ya kori ji.

Maganar kuɗi ta zo ta ƙarasa. Ruwan da aka ce kyauta ne, a 2021 aka ɗora harajin korona na kashi 1 cikin 100 a kan kayan saye. Ministan lafiya Kwaku Agyeman-Manu ya sa hannu a sayo Sputnik, allurar korona ta Rasha, a dala 19 kowace ta hannun dillali, alhali farashinta a lokacin wajen dala 10 ne, kuma bai bi ta majalisa ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi da ya fito a farkon 2023 ya nuna an biya kuɗin allurai na sama da dala miliyan 80 da ba su iso ba. A Mayun shekarar Kotun Ƙoli ta ce dokar da aka dogara da ita wajen kafa ƙa'idojin korona, Act 1012, ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi allurar COVAX, shirin raba allurar korona ga ƙasashe, guda 600,000, ranar 24 ga Fabrairu 2021. Shugaban ƙasa ya yi tasa a gaban kyamara ranar 1 ga Maris. Mma ta kalla ba ta motsa ba. Jita-jitar hana haihuwa ta cika WhatsApp, ni kuma na yi lallashi har na gaji. Sai ranar nan ƙanwata ta nuna mata hoton Babban Liman a waya ana yi masa tasa allurar. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. Washegari bayan sallar asuba ta ƙwanƙwasa min ƙofa, mayafinta a kafaɗa, katin asibiti a hannu, ta ce, "Tashi ka raka ni, kafin layi ya yi tsawo."