Ciwon ƙoƙon gwiwa da jinyarsa ta hanyar lura da jiki da motsi

Ciwon ƙoƙon gwiwa zafi ne da ake ji a gaban gwiwa, a kewayen ƙoƙon ko a ƙarƙashinsa, wanda yake tashi idan gwiwa ta ɗauki nauyi tana lanƙwashe, kamar wajen tsuguno, hawa ko saukar bene, gudu, durƙuso, ko doguwar zama a mota. Mai ciwon ba ya iya nuna wurin da yatsa ɗaya. Yakan dafa gwiwar da tafin hannu ya ce “duk nan ne”. Ya fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru, kuma ya fi yawa a mata. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, wanda aka wallafa a 2018, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na mutane suna fama da shi a cikin shekara, a tsakanin matasa kuwa kusan kashi 29. Babban maganinsa a yau motsa jiki ne bisa tsari, tare da koya wa mai ciwon lura da yadda yake taka ƙasa da yadda yake lanƙwasa gwiwa.

Yadda gaɓar take

Ƙoƙon gwiwa ɗan ƙashi ne da ke zaune a cikin jijiyar da ta sauko daga manyan tsokoki huɗu na gaban cinya ta liƙe a ƙashin ƙwauri. A ƙarshen ƙashin cinya akwai wani kwari, a cikinsa ƙoƙon yake zamewa sama da ƙasa duk lokacin da aka miƙe ƙafa ko aka lanƙwasa ta. Bayan ƙoƙon lulluɓe yake da guringuntsi mai kauri, wanda yake masa aikin gammo. Dole ya yi kauri, domin nauyin da ke kansa ba kaɗan ba ne: a tafiyar ƙasa miƙaƙƙiya kusan rabin nauyin mutum ne, a kan matakala ya haura ninki 3, a cikakken tsuguno kuwa yakan kai ninki 7.

An daɗe ana ɗora laifin ciwon a kan lalacewar wannan guringuntsi. A 1998 wani likitan ƙashi Ba’amurke, Scott Dye, ya ba da rahoton gwajin da ya sa aka yi a kan gwiwarsa: aka zura ƙarfe aka riƙa taɓa sassan cikinta ba tare da an kashe zafin cikin gaɓar ba. Da aka taɓa guringuntsin ƙoƙon bai ji ciwo ba, amma da aka taɓa fatar da ta lulluɓe cikin gaɓar da kitsen da ke ƙasan ƙoƙon, zafin ya yi tsanani. Shi ne kuma ya yaɗa ra’ayin cewa kowace gwiwa tana da iyakar aikin da za ta iya ɗauka ta murmure, ciwo yana zuwa idan an wuce iyakar. Wannan ya sa hoton ƙashi sau da yawa yake fitowa lafiya lau alhali mutum na ɗingishi, ƙarar “ƙas-ƙas” da gwiwa ke yi kuma, in babu kumburi, ba alamar lalacewa ba ce.

Abin da ke tayar da shi

Mafi yawan lokuta ƙarin aiki ne na farat ɗaya. A tsakanin Hausawa mazauna Makka, Madina da Jidda, da baƙin da ke zuwa ibada, misalin a fili yake. Wanda ya shekara daga gida sai mota, daga mota sai shago, idan azumi ya kama sai ya haɗa tarawihi da tahajjudi da umara. Sa’ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kusan kilomita 3, ga ɗawafi kafinsa, duka a kan marmara ba takalmi. A kwanakin Mina akwai zuwa jifa da dawowa a ƙafa. Wasu kuma sai sun hau Dutsen Nur sun ga kogon Hira, kuma saukowa ce ke cin gwiwa fiye da hawa, domin a nan tsokar cinya ke riƙe nauyin jiki tana sakinsa a hankali. Tsofaffin unguwannin Makka da ke kan duwatsu ma haka suke, matakala ce hanyar gida. A ɓangaren samari, ƙwallon dare ne bayan watanni ba a buga ba.

Bayan yawan aiki akwai yanayin motsin kansa. Idan tsokokin ɗuwawu da na gefen ƙugu ba sa riƙe cinya sosai, gwiwa takan faɗa ciki wajen sauka daga matakala, ƙugu ya karkace, sai nauyin ya taru a gefe ɗaya na ƙoƙon. Rashin ƙarfin tsokar gaban cinya na cikin abubuwan da bincike ya nuna suna gabatar ciwon. Tsoro ma yana da nasa rabon: wanda ya ɗauka gwiwarsa “ta cinye” yakan daina lanƙwasa ta, ya koma jingina da ɗaya ƙafar, tsoka ta ƙara raguwa.

Lura da jiki

Jiki yana da hanyar sanin inda gaɓoɓinsa suke ko da ido na rufe, ta saƙonnin da tsoka da jijiya da gaɓa ke aika wa ƙwaƙwalwa. Wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, ya yi bayanin wannan ji a 1906. Daga baya aka samu makarantu da suka gina jinya a kansa. Wani masani, Moshe Feldenkrais, ya fara tsarinsa na lura da motsi ne sanadin raunin da ya ji a gwiwa wajen ƙwallon ƙafa, a ƙasar Suwidin kuma Gertrud Roxendal ta shigar da darussan Bafaranshe Jacques Dropsy na lura da tsayuwa da numfashi cikin aikin gashin ƙashi. Ga ciwon ƙoƙon gwiwa dai, hujja mafi ƙarfi tana wajen atisayen ƙarfafa tsoka, lura da jiki kuwa shi ke sa a yi atisayen daidai.

A ɗakin jinya abin yana da sauƙin gani. Ma’aikacin gashin ƙashi yakan tsayar da mutum a kan ƙaramin mataki a gaban madubi, ya ce ya sauke ƙafa ɗaya a hankali har diddige ya taɓa ƙasa. Da yawa a nan suke fara ganin gwiwarsu tana karkata ciki tana neman babbar yatsa, abin da suka shekara suna yi ba su sani ba. Sai a ce ya sa ƙoƙon ya fuskanci yatsa ta biyu, ya daidaita ƙugu, ya ji nauyinsa a diddige da tushen babbar yatsa da na ƙarama. Idan ya iya, a juya masa madubin baya ya maimaita da ji kawai, daga nan ya kai darasin matakalar gidansa. Ga masu gudu, ƙara yawan taku da kusan kashi 10 cikin 100, wato gajarta tsawon kowane taku, yana rage nauyin da ke sauka a kan ƙoƙon.

Atisaye da sauran taimako

Taron masana wannan ciwo da aka yi a Manchester a 2015, da wanda ya biyo baya a Ostareliya a 2017, sun yi matsaya cewa a haɗa atisayen ƙugu da na gwiwa, ya fi a yi na gwiwa kaɗai. Ana farawa da abin da gwiwa za ta jure: ɗaga ƙafa gefe a kwance, ɗaga ɗuwawu daga ƙasa, tashi daga kujera ba dafawa, rabin tsuguno a jingine da bango. Sannu a hankali a ƙara zurfi da nauyi. Akan auna zafi da ma’aunin 0 zuwa 10. Ɗan zafin da bai wuce 3 ba, wanda ya lafa kafin washegari, ba ya hana ci gaba. Sauƙi na gaske yakan ɗauki makonni 6 zuwa 12, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya, su koma neman allura.

Ɗaure ƙoƙon da filasta, dabarar da Jenny McConnell ta Ostareliya ta bayyana a 1986, da shimfiɗar cikin takalmi, suna rage zafi na ɗan lokaci har a samu damar yin atisaye. Na’urorin lantarki da ake gasa gwiwa da su ba su samu goyon bayan waɗancan tarurruka ba. Ƙaho, wanda ake yi sosai a Saudiyya, da man zafi, ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi, don haka ko an ji daɗinsu aikin yana nan. Tiyata ba ta cika shigowa ba.

Salla da zaman ƙasa

Tambayar da aka fi yi ita ce ta sujada da zaman tahiya, inda gwiwa ke lanƙwashewa ƙarshen lanƙwasa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya ba da sauƙi: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ma’aikatan gashin ƙashi sukan shawarci wanda zafin ya tsananta masa ya yi amfani da kujera na ɗan lokaci ko darduma mai kauri, amma da niyyar komowa, domin gwiwar da aka daina lanƙwasawa ƙara sandarewa take yi. Haka batun zaman majalisa a ƙasa da banɗakin tsuguno: a rage, a riƙa miƙe ƙafa, a dawo musu da kaɗan-kaɗan. Mai niyyar hajji ko umara zai fi amfana idan ya fara tattaki da hawan bene watanni kafin tafiya.

Ciwon yakan yi naci. Wani bincike da ya bi masu shi tsawon shekara 5 zuwa 8 ya tarar fiye da rabinsu ba su rabu da shi sarai ba, kuma waɗanda suka daɗe kafin fara jinya su suka fi shan wahala. Akwai kuma alamomin da ke nuna ba shi ba ne, waɗanda ke buƙatar ganin likita da wuri: gwiwa ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ko ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ƙoƙon ya goce bayan faɗuwa, ko ciwon ya hana barci ba tare da an yi wani aiki ba. Mai cutar sikila da yaro ɗan shekara 10 zuwa 16 da ke ɗingishi sai an duba musu ƙugu, saboda ciwon gaɓar ƙugu yakan sauko a ji shi a gwiwa.