Waiwaye: Yadda kajin Jos suka koma keji

Duk sanda bidiyon wata gonar kaji ya zagaya a Facebook, sai gardama ta tashi. Wasu su ce zalunci ne, masu kiwo su ce wanda bai taɓa sayen buhun abincin kaji ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Ana magana kamar jiya abin ya faro, alhali ya daɗe yana tafe.

Kowa ya san farkon labarin. Sanyin Jos ya dace da kajin turawa, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tun 1924, ga masara daga Mangu da kewaye. Daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 zuwa hana shigo da daskararrun kaji a farkon shekarun 2000, kiwon ya zama sana'ar ma'aikata da 'yan fansho. A lokacin yawancin kaji a ƙasa suke, kan dusar katako, suna tono, suna birgima.

Wurin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karon farko a Afirka. Ba a jima ba cutar ta iso Filato. Mutum ya kwana da kaji dubu, gari ya waye ana haƙa musu rami. Wanda ya ga haka ba ya mantawa. Darasin da aka ɗauka shi ne a killace kaji, a raba su da tsuntsayen daji, a hana baƙo shiga, a ajiye ruwan magani a bakin ƙofa. Duk wannan daidai ne, ban ga laifinsa ba. Sai dai daga nan ma'aunin kiwo mai kyau ya koma tambaya biyu kacal: nawa suka mutu, kiret nawa aka kwasa? Tambayar ko kazar na iya miƙe fiffike ta fita daga lissafi.

A shekarun da suka biyo baya kejin ƙarfe ya bazu, ana ganinsa a matsayin tsafta da ci gaba. Yana da amfaninsa, domin yana raba kaza da kashinta, ƙwai kuma ya gangaro tas. Amma a irin wannan keji, wurin kaza ɗaya bai kai faɗin takardar A4 ba, a nan za ta yi sama da shekara tana tsaye kan waya. Saboda ƙunci sai su riƙa tsattsagar juna, maganin da aka samo kuwa shi ne yanke musu baki. Tarayyar Turai ta haramta wannan keji daga 2012, daidai lokacin da muke rububinsa.

Ko waɗanda ke ƙasa ba su tsira ba. Shiga ɗakin buroila, wato kajin nama, a Bukuru da hunturu, an toshe tagogi da leda saboda sanyi: zarni zai sa ka hawaye kafin ka kai tsakiya, su kuwa a ciki suke kwana. Cikin mako shida kaza ta yi nauyin da ƙafarta ba ta iya ɗauka, sai ka gan ta gurfane kusa da mazubin ruwa.

Tsadar masara da waken suya ta ƙara matse masu kiwo, musamman a 2023 da 2024, kuma ina tausaya musu ƙwarai. Amma cunkoson ya girmi tsadar. Murar da ta dawo a 2015 da 2021 ma ta nuna cewa idan cuta ta shiga ɗaki mai cunkoso, nan take ta fi yin ɓarna.