Tsarin cin abinci na Paleo: me ake ci, me ake bari, kuma ya dace da kwanonmu?

Masu zuwa ɗakin motsa jiki da masu fama da teɓa sun fara yawan ambaton Paleo, wasu ma har sun daina cin tuwo saboda shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne Paleo, kuma daga ina ya fito?

Sunan ya samo asali ne daga kalmar da masana tarihi ke kiran tsohon zamanin dutse da ita, wato lokacin da mutane ke rayuwa da farauta da tsinkar 'ya'yan itace da tonon saiwa, kafin a fara noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Wani likitan ciki ɗan Amurka, Walter Voegtlin, ya fara yaɗa ra'ayin a 1975. A 1985 Boyd Eaton da Melvin Konner suka wallafa maƙalar da ta ba shi nauyi a wajen likitoci, sannan Loren Cordain na Jami'ar Jihar Kolorado ya kai shi gidajen talakawa da littafinsa na 2002. Hujjarsu ita ce jikin ɗan Adam ya saba da abincin farauta tsawon zamani, noma kuwa jiya-jiya ne, shi ya sa ciwon sukari da hawan jini da ƙiba suka yi yawa.

To me ake ci, me aka hana?

Nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace, saiwoyi irin su dankalin Hausa, da mai kamar na zaitun. An hana duk wani hatsi, wake da danginsa, nono da madara, sukari, da abincin gwangwani ko na leda. A Amurka da Turai sukan haɗa da naman alade, wanda Musulmi ya riga ya sani ba ruwansa da shi.

Idan ka ɗora wannan ma'auni a kan abincinmu sai ka ga abin ya zo da sauƙi a wani wuri, ya kuma yi tsauri a wani. Zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, miyar kuka, goruba, ɗinya, dabino da aya duk sun shiga. Tuwo, waina, fura, ƙosai, ɗanwake da kunu duk sun fita. Gyaɗa ma ta fita, don a ilimin tsirrai 'yar uwar wake ce. Ka tsaya gaban mai tsire da yamma, ka ga yana barbaɗa ƙuli-ƙuli a kan naman kafin ya jera tsinkunan a bakin wuta: wannan tsiren bai cika sharaɗin Paleo ba, haka ma kilishi da aka shafe da tunkuza. Ko daddawar da ke cikin miyar kukar, 'ya'yan ɗorawa ce, dangin wake.

Da gaske mutanen zamanin dutse ba su ci hatsi ba?

Nan ne gizo ke saƙar. A kogon Ngalue da ke Mozambik, masu tonon tarihi sun gano burbushin dawar daji a jikin kayan aikin dutse da suka kai shekara 100,000. A Ohalo, gefen tafkin Galili, an samu dutsen niƙa da ƙwayoyin hatsin daji na kimanin shekara 23,000. Ashe tun kafin a san garma mutane suna tsintar hatsi suna niƙawa.

Kuma babu wani abinci guda da mutanen wancan zamani suka haɗu a kai. Wanda ke bakin teku kifi ya fi ci, na cikin ƙanƙara kitsen dabba, na dajin Afirka saiwa da zuma. Har yau Hadza, maharban da ke kusa da tafkin Eyasi a Tanzaniya, suna samun kaso mai tsoka na abincinsu daga zuma da saiwoyi da 'ya'yan kuka, kukar nan dai da yaranmu ke fasawa su tsotsi garinta. Su ma naman nasu na dabbar daji ne mai ƙarancin kitse, ba ragon da aka ɗaure aka ƙosar da dusa ba.

A ganina masu Paleo sun yi gaskiya wajen zargin lemon kwalba da biskit da farin fulawa, amma sun yi wa gero da wake kuɗin goro. Gero a yankin Sahel aka fara noma shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma kakanninmu da suka rayu a kansa ba su san yawan ciwon sukarin da muke gani a birane yanzu ba.

Yana rage ƙiba?

Yana ragewa, musamman a watannin farko. Duk wanda ya bar shayi mai cokali huɗu na sukari da burodi da taliyar leda, ya koma ƙwai da ganye da kifi, dole ya ga canji, don nama da ganye suna riƙe ciki. A Suwidin an bi wasu mata 70 masu ƙiba tsawon shekara biyu. Waɗanda ke kan Paleo sun fi zubar da kitse a wata shida na farko, amma da aka kai ƙarshe bambancinsu da masu bin tsarin lafiya na yau da kullum ya ragu ƙwarai. Sirrin yana cikin abin da aka bari, ba lallai a cikin hana wake ba.

Nono fa, me ya sa aka hana shi?

Sun ce ɗan Adam bai sha nonon dabba ba sai da ya fara kiwo. Haka ne, amma jikin wasu al'ummomi ya riga ya saba, kuma Fulani na cikin waɗanda binciken ƙwayoyin halitta ya nuna da yawansu suna narkar da madara har tsufa. Wanda nono ke kumbura masa ciki ya bar shi, kindirmo ma ya fi sauƙi. Wanda bai dame shi ba kuwa, in ya bari sai ya nemi inda zai samu sinadarin ƙarfafa ƙashi, kamar ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu da ganyen zogale.

Mai motsa jiki zai samu ƙarfi da shi?

Mai ɗaga ƙarfe ba zai rasa abin gina tsoka ba. Mai gudu ko ɗan ƙwallo shi ne zai ji a jikinsa idan ya yanke sitaci kwatsam, sai ya cike gurbin da dankali, doya, ayaba da dabino.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, don sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa sosai idan ya rage sitaci ba tare da likita ya gyara masa maganin ba. Mai ciwon ƙoda, saboda yawan nama na ƙara wa ƙoda aiki. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara ƙanana ba wannan ne lokacin yanke musu abinci ba. Akwai kuma batun gishiri: masu tsananin bin tsarin suna barinsa gaba ɗaya, alhali gishirin kanti ne ke ɗauke da sinadarin ayodin da ke hana maƙoƙo, kuma a cikin matan Suwidin ɗin nan an ga raguwar ayodin ɗin a jikin masu Paleo.

Sai aljihu. Magidancin da ke ciyar da mutum takwas ya san kuɗin kilo ɗaya na nama zai saya masa waken da za a ci kwana da kwanaki.