Lada Niva

Lada Niva ƙaramar motar shiga daji ce, daga cikin waɗanda mutanen Nijar ke kira kat-kat. Kamfanin AvtoVAZ ne ke ƙera ta a birnin Tolyatti da ke bakin kogin Volga a Rasha. An fara fitar da ita ranar 5 ga Afrilu 1977, zamanin Tarayyar Sobiyet, da lambar VAZ-2121, kuma har yau ana ƙera ta ba tare da siffarta ta sauya sosai ba. An san ta da araha da juriya, an kuma san ta da ƙara da shan mai. A Damagaram ba kasafai ake cin karo da ita ba, shi ya sa samun tsohuwa mai lafiyayyen jiki ya zama abin da masu sha'awar tsofaffin motoci ke tsayawa su duba da kyau.

Asali

An gina masana'antar Tolyatti ne da taimakon kamfanin Fiat na Italiya, bayan yarjejeniyar 1966, kuma motarta ta farko da ta fito a 1970 an ɗauko ta ne daga Fiat 124. Niva ita ce ta farko da injiniyoyin masana'antar suka tsara da kansu, ƙarƙashin jagorancin Pyotr Prusov, ko da yake sun ari inji da wasu sassa daga motocin da suka gabace ta. Abin da ake nema shi ne motar da mutumin karkara zai shiga taɓo da ƙanƙara da ita, amma ya zauna a ciki kamar yana cikin motar gari.

Daga baya sunan Niva ya koma kan wata motar da AvtoVAZ ya yi da haɗin gwiwar General Motors na Amurka, sai aka riƙa sayar da ta asalin da sunan Lada 4x4 daga 2006. Tun 2021 ana kiranta Niva Legend.

Ƙira

Bambancinta da sauran motocin daji na zamaninta yana cikin jikinta. Land Rover da Land Cruiser an ɗora musu gangar jiki ne a kan shasi na ƙarfe daban. Niva ba ta da wannan: gangar jikin ita ce shasin, a dunƙule. Wannan ya sa ba ta da nauyi, kusan kilo 1,150, tsawonta kuma bai kai mita 4 ba. Tsakanin cikinta da ƙasa akwai santimita 22.

Injin farko mai silinda huɗu ne, lita 1.6, mai ƙarfin doki kusan 75, yana aiki da kafireto, giyarsa huɗu. Daga baya aka ƙara ta biyar. Ƙafafun huɗu suna ja a kowane lokaci, ko a kan kwalta. Kusa da sandar giya akwai wasu ƙananan sanduna biyu: ɗaya tana sauko da motar zuwa giyar ƙarfi don rairayi da hawa, ɗayar tana kulle gaba da baya su juya tare. Tayar safiya tana ƙarƙashin murfin inji, wurin da baƙo ba zai yi tunanin nemanta ba.

A farkon shekarun 1990 aka fito da samfurin 21213 mai inji lita 1.7. Gane su ba wuya: tsohuwar fitilunta na baya a kwance suke, ƙofar bayanta ba ta sauka ƙasa sosai, sabuwar fitilunta a tsaye, ƙofar ta kai har bamba. An kuma yi wadda aka sa wa injin gazuwal na Peugeot mai lita 1.9 don kasuwar waje, da doguwa mai ƙofa biyar.

Hamada da Nijar

A Faransa kamfanin Poch ne ya riƙa shigo da ita, kuma shi ya sa ta a tseren Paris-Dakar, inda ta zo ta biyu a 1982 da 1983. Tseren 1983 ya ratsa Nijar, ta Agadez da hamadar Tenere. A wannan zamani ne kuma Turawa suka riƙa tuƙo motocin hannu daga Turai, su ƙetare Aljeriya ta Tamanrasset su sauko Arlit da Agadez, su sayar su koma gida ta jirgi. Galibin motocin Peugeot ne. Hanyar ta mutu a farkon shekarun 1990 sakamakon rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar, cinikin motocin hannu ya karkata ga tashoshin ruwa na Kotonu da Lome.

A jihar Damagaram, duk wanda zai bar kwalta, ko ya nufi Tesker daga Gure ko ya shiga ƙauyukan Tanut, Toyota yake nema, Land Cruiser ko Hilux. Dalilin a bayyane yake: kowane bakanike ya san su, kayansu kuma suna nan a gari, in babu a aika Kano. Niva ba ta taɓa samun wannan gata ba. Rashin nauyinta yana taimaka mata a rairayi, musamman in an rage iskar taya, amma tankinta bai wuce lita 45 ba, kuma ba ta ɗaukar kaya da mutane yadda fatake ke so.

Abin dubawa kafin saye

Irin wannan mota ba a layin masu sayar da motoci ake samunta ba. Takan kasance a jingine a bayan wani gareji, ko a cikin gidan wani tsohon ma'aikaci an lulluɓe ta da tamfol, labarinta kuma daga bakin dillali ko bakanike yake fitowa.

Abu na farko shi ne jiki. Tunda jikin shi ne shasin, tsatsar da ta ci ƙasan motar ta ci ƙashin bayanta ke nan. Inji ana sauya shi, ruɓaɓɓen jiki kuwa sai dai faci a kan faci. Ana ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba daɓen, a duba ƙarƙashin ƙofofi, da saman tayoyin baya, da ƙarafan gaba inda akwatin sitiyari yake ɗaure, domin nan yakan tsage. A nan yanayin Damagaram yana da amfani. Ruwan shekara kusan milimita 400 ne, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba, babu gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, babu kuma iskar teku. Motar da ta daɗe a nan takan fi wadda aka sauko da ita jiya daga jirgin ruwa lafiyar ƙarfe, ko da fentinta ya ƙoɗe. Sabon fenti mai ƙyalli a kan tsohuwar Niva ma abin tuhuma ne.

Sai dai abin da rana ta bar wa ƙarfe ta karɓe shi daga roba. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, kuma motar da ta yi shekaru a ajiye za a tarar tiyoyin ruwa da na birki sun bushe, robobin da ke tare mai sun tsage, tayoyi sun tsattsage ko da haƙoransu ba su cinye ba. Ƙurar hunturu takan cika kafireto da tanki. Ba a tayar da irin wannan inji sai an sauya mai, an wanke tanki da lagireto.

A gwajin tuƙi ana saurarar ƙasan motar. Gurnanin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya halinta ne, amma karkarwa mai ƙarfi tana nuna akwatin ya goce ko robar da ke haɗa shi da giya ta mutu. Ana gwada ƙananan sandunan biyu a kan ƙasa ko rairayi, domin kulle su a kan kwalta yana wahalar da ƙarafan. Giya ta biyar ita ce mai rauni, takan fita da kanta. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya. Agogon kilomita na tsofaffin kuwa lambobi biyar ne, yana komawa sifili bayan 99,999, don haka ƙaramin adadi ba hujja ba ne. Cinyewar fedal da sitiyari da kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya.

Kuɗin sayen ba shi ne ainihin kuɗin motar ba. Injin mai sauƙi ne, bakaniken da ya saba da kafireton tsofaffin Peugeot ba zai ruɗe ba, amma kayan gyara sai an yo odarsu daga waje. Ana ƙera yawancinsu har yanzu, kuma ba su da tsada a can. Jira da kuɗin aikowa ne ke cin mutum. Mai hankali yakan tambayi mai motar ko akwai ragowar kaya a ajiye, a haɗa su cikin ciniki kafin a yi sallama.

Takardu su ne na ƙarshe, kuma a kansu tsofaffin motoci suka fi samun matsala. Lambar da aka buga a jikin motar dole ta dace da ta kart-griz, wato takardar rajistar mota, a kuma ga shaidar cewa an biya duwan, wato kuɗin kwastan. In mai sunan da ke kan takardar ya rasu, ana buƙatar yardar magada gaba ɗaya a rubuce, a gaban shaidu, kafin a biya kuɗi da la'adar dillali.